Mai Gandun Kokon da Ya Kashe Aikin Dole

Manomin gero yana shuka da faɗuwar ruwan farko, kafin wata huɗu ya san abin da Allah ya ba shi a shekarar. Mai gandun koko kuwa sai ya sare daji, ya dasa, ya yi shekara huɗu ko biyar yana ciyar da masu yi masa aiki bai auna ko kilo ɗaya ba. In itacen ya kama, zai yi shekara talatin yana haihuwa, wani ma ya haura. Amma kafin a kai can, da kuma kowace kaka bayan an kai, tambaya ɗaya ce ke hana mai gandu barci: wa zai yi aikin? A kudancin Kodebuwa zamanin Faransawa, daji ya fi ƙarfin mutanen da ke cikinsa. Ƙasa tana nan jingim, ruwan sama kuma ba a roƙonsa. Hannu ne babu. Wanda ya riƙe wannan zai gane yadda aka yi wani likita mai gandun koko da kofi a Yamusukuro, Félix Houphouët-Boigny, ya shiga majalisar dokokin Faransa a ƙarshen 1945, kuma cikin 'yan watanni ya fito da dokar da ta haramta aikin dole a duk ƙasashen da Faransa ke mulka, har da Nijar.

Da yawa cikinmu mun sha shayin koko, mun ci cakulan, ba mu taɓa ganin itacen ba. Asalinsa daga dazuzzukan Amazon ne a Kudancin Amurka. Gajeren itace ne, masana tsirrai kuma suna lissafa shi cikin dangin goro. Duka biyun suna son ƙasa mai laima da inuwa, shi ya sa za ka ga itacen goro tsaye a tsakiyar gonar koko yana yi mata laima. Mai buɗe sabon gandu ba ya share daji ƙarƙaf. Yana sare ƙanana da adda, ya ƙone, ya bar wasu manyan itatuwa a tsaye. Shekarar farko doya ake sakawa da agade da gwaza, sannan a tura ƙwayar koko a tsakaninsu. Ganyen agaden ne ke kāre ɗan itacen daga rana, 'ya'yansa kuma su ne tuwon gida da na 'yan ƙwadago har koko ya fara biya. Aikin waɗannan shekaru duk sara ne, don ciyawar kurmi ba ta hutawa. Sau biyu sau uku a shekara sai an bi gandun da adda daga wannan kai zuwa wancan. Sai koko ya girma, rassansa sun haɗe a sama, sannan inuwarsa ke kashe ciyawar.

Abin da ke fara ba baƙo mamaki shi ne inda 'ya'yan ke fitowa. A jikin kututture suke, da kan manyan rassa, wani kwanson ma dab da ƙasa. Furen ɗan mitsitsi ne, wasu ƙwari da ido da ƙyar yake ganinsu su ke yi masa barbara, kuma daga fure zuwa nunar kwanso wata biyar ne zuwa shida. Babbar kaka tana farawa a Oktoba ta kai Maris, ƙaramar kuma ta biyo baya daga Afrilu. Na ƙasa da adda ake yankewa, na sama da wata ƙugiya mai kaifi da ake ɗaurawa a bakin dogon gora. Ba a fizga, ba a murɗewa. Gurbin da kwanso ya fito, nan fure zai sake fitowa baɗi, saboda haka ɗan ƙwadago mai gaggawa da ya haɗa da fatar itacen ya kashe wa mai gandu wannan gurbi ke nan. Masu gandu suna gane ma'aikaci da tabon da ya bari a jikin itace.

Ranar fasa kwanso ranar gayya ce. An tara kwanso tsibi guda a cikin gandun, maza sun zagaye shi a zaune, kowa da ɗan kulkinsa. Bugu ɗaya ko biyu a tsakiya, kwanson ya dare, a sa yatsu a zazzago ƙwayoyin cikin kwando. Wasu da adda suke fasawa don ta fi sauri, amma ƙwararru sun fi son icce, don adda tana ratsawa ta yanki ƙwaya. Kowane kwanso yana ɗauke da ƙwaya talatin zuwa arba'in, a lulluɓe cikin wani farin yauƙi mai zaƙi da ɗan tsami, wanda yara ke tsotsa in an kau da ido. Daga nan ne gwaninta ke farawa. Ana shimfiɗa ganyen ayaba a ƙasa, a zube jiƙaƙƙiyar ƙwayar a kai, a rufe da wani ganyen, a danne da itace. Bayan kwana biyu a buɗe a juya, a sake rufewa. Da fari warin barasa yake yi, daga baya ya koma wani tsami mai hawa hanci. In ka tura hannu cikin tsibin a rana ta uku ko ta huɗu, zafin yana kusan digiri 50, ba wuta ba rana. Wannan zafin ne ke kashe ƙwayar ta daina tsiro, ya rage mata ɗaci, ya mai da cikinta ruwan ƙasa. Kwana shida ake so. Wanda bashi ya matsa masa ya kwashe a kwana uku, mai saye yana tsaga ƙwaya da wuƙa zai gani, kuma zai karya farashi.

Sai shanya, a kan tabarmar da aka ɗora bisa gadon itace. Mata da yara suna motsawa da hannu, suna tsince tsakuwa da ɓawo da ƙwayoyin da suka manne wa juna, ido kuma yana sama, don hadari na tasowa sai a naɗe tabarma a guje. Mako ɗaya zuwa biyu ake yi. Gwajin bushewa a tafin hannu yake: a damƙi ƙwayar a matse, in ta yi ƙaras-ƙaras ta isa shiga buhu. Kwanso ashirin da ɗoriya ne ke ba da kilo ɗaya, hekta guda kuma a hannun talaka kilo 400 zuwa 600 take bayarwa a shekara.

Duk cikin wannan aiki babu inda inji yake shiga, har yau ɗin nan. Kuma aikin ba ya jira. Kwanson da ya nuna aka bar shi, ko ƙwayar ta tsira a ciki, ko kurege ya huda, ko ciwon da ke baƙanta kwanso ya kama shi ya shafa wa na kusa. Mai hekta ashirin yana buƙatar gomman mutane a daidai makon da maƙwabcinsa ke neman su. Kofi ma haka yake, ko ya fi, don shi tsinka ake yi ɗaya bayan ɗaya.

In buhu ya cika, sai wahala ta biyu: sikeli. A zamanin Faransawa, dillali yana bin ƙauyuka da ma'auninsa, ya kai wa Kwara ɗan Labanan mai kanti a bakin tasha, shi kuma ya kai wa manyan kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA, waɗanda mutanen Kano da Maraɗi suka sani a cinikin gyaɗa. Farashi daga sama yake saukowa, kowane mataki ya gutsura, abin da ya rage shi ne na mai gona.

Koko ya shigo wannan yanki ta Gana. Ana jingina shi ga Tetteh Quarshie, maƙerin da ya dawo da iri daga tsibirin Fernando Po a 1879, kuma zuwa 1911 manoman Gana, da kansu ba da umarnin kowa ba, sun wuce kowace ƙasa a duniya wajen fitar da shi. A Kodebuwa Gwamna Angoulvant, wanda ya zo a 1908, ya so a yi abin da bulala. Aka raba iri, aka ce kowane gari ya yi gonar kumandan. Ana ba da labarin cewa mutane kan bi dashen da tafasasshen ruwa cikin dare, da safe a ce ƙasar ce ba ta karɓa ba. Abin da bulala ta kasa, kishi ya yi: 'yan ƙabilar Anyi na yankin Abengourou suka ga 'yan'uwansu na tsallaken iyaka suna rufin kwano, suka kama dashe ba wanda ya aike su.

A wannan gari na Abengourou aka kai Houphouët aiki a 1929. A takarda an haife shi a 1905 a Yamusukuro, cikin gidan sarautar Akouè na ƙabilar Bawule, inda gado ke bin tsatson uwa. Ya yi makarantar William Ponty a Senegal, ya wuce makarantar likitanci ta Dakar, ya fita da na ɗaya a 1925. Muƙaminsa mataimakin likita, don baƙar fata ba ya wuce nan. Ya tarar da Abengourou cikin kuɗin koko, sai kuma kasuwar duniya ta rushe a idonsa, kamfanoni suka haɗa baki kan farashin da bai kai wahalar shanya ba. A 1932 ya goyi bayan manoman da suka ƙi sayarwa, ya kuma yi rubutu da sunan aro a wata jarida mai suna Le Trait d'union yana cewa satar da ake musu ta isa. Hukuma ta gane mai rubutun. Ba ta kore shi ba. Aka yi masa tayin sarautar gidansu, ya ce a ba ƙanensa Augustin. Sai da ƙanen ya rasu a 1939 ya ajiye allura ya zama hakimin Akouè, ya kuma ɗauki gandun gidan ya faɗaɗa shi har ya shiga sahun manyan masu arzikin baƙar fata a ƙasar.

A wannan shekara ta 1932 aka yi wani abu da ya fi rubutun jarida nauyi. Faransa ta shafe Haute-Volta, Burkina Faso ta yau, daga taswira, ta raba ta tsakanin Kodebuwa da Sudan ta Faransa da Nijar. Kaso mafi yawan jama'a, ƙasar Mosawa, aka haɗa shi da Kodebuwa. Dalili ba ɓoyayye ba ne: arewa akwai mutane, kudu akwai gandaye da masu saran katako. Layin dogo ya kai Bobo-Dioulasso a 1934. Sunansa Abijan-Nijar, ko da yake har yau bai taka ƙasar Nijar ba, kuma babban kayan da yake saukowa da shi kudu samari ne. Tsarin kuwa mai sauƙi. Baturen gandu ya rubuta wa hukuma yana son mutum kaza, kumandan ya yanka wa kowane hakimi adadinsa, hakimi ya yanka wa dagatai, dogarai su tattaro. A kai mutum ɗaruruwan kilomita, ya yi watanni a kan ladan da bai taka kara ya karya ba, in ya gudu a kama ɗan'uwansa. Ban da wannan akwai kwanakin aikin hanya na kyauta da ke kan kowane baligi a shekara. Dattawanmu na Arewa da suka ga diban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944 ba sa buƙatar a yi musu bayani, haka ma mutanen ƙauyukan Nijar da suka riƙa tsallakowa ƙasar Katsina da Sakkwato don gudun aikin Faransa.

A nan ne labarin ke da ƙaya, kuma masu yabon Houphouët sukan yi tsalle su wuce. Turawa masu gandu a Kodebuwa 'yan ɗaruruwa ne kawai. Mafi yawan kokon ƙasar daga gonakin baƙar fata yake fitowa. Kafin yaƙin duniya na biyu, manyan masu gandu 'yan ƙasa, musamman sarakuna, su ma suna samun rabonsu na mutanen da aka tilasta. Hakimi kuwa, ko ya so ko ya ƙi, cika adadin kumandan yana cikin aikinsa. Lokacin yaƙi, a ƙarƙashin gwamnatin Vichy ta Faransa, aka toshe wa baƙar fata wannan ƙofa, aka bar wa Turawa su kaɗai. Aka riƙa sayen kilon Bature da farashin da ya ɗara na baƙar fata nesa. Aka fito da tallafin faran 1,000 kan kowace hekta, amma sai ga mai hekta 25 a haɗe wuri guda, sharaɗin da aka auna shi daidai yadda kusan duk 'yan ƙasa za su faɗi. Abin da ya fi ciwo, aka koma ɗibar ƙananan masu gonaki su kansu, mutum ya bar kofinsa yana zuba a ƙasa ya je tsinkar na Bature.

Saboda haka masu gandun da suka kafa ƙungiyar manoman Afirka, Syndicat agricole africain, a 1944, ba talakawa ba ne. Akwai Houphouët a matsayin shugaba, da Joseph Anoma, da Gabriel Dadié, mahaifin marubuci Bernard Dadié. Kafin ka shiga sai kana da hekta biyu ta kofi ko uku ta koko. Sun yi sa'ar lokaci: taron da Faransa ta yi a Brazzaville a farkon shekarar ya yi alkawarin sassauci, sabon gwamna André Latrille kuma bai jitu da Turawan gandu ba, ya ba ƙungiyar izini. Cikin ɗan lokaci mambobinta suka kai wajen 20,000. Ta fara tara amfanin mambobi tana sayarwa kai tsaye, ta tsallake dillalai. Sannan ta taɓa inda ke da ciwo.

Lissafin Houphouët lissafin mai gandu ne. Ya san Bature ba zai iya riƙe ma'aikaci ba sai da dogari, don bai saba biya ba, ga kuɗin da yake kashewa kan gidansa da motarsa da hutunsa a Faransa. Ɗan ƙasa kuwa yana da abin da zai bayar wanda Bature ba shi da shi. Yana iya ba da lada mai ninkin na hukuma sau da yawa. Yana iya yin abusan, tsarin da aka aro daga Akan na Gana, inda mai kula da gona ke ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na amfanin. Yana ci tare da ma'aikacinsa, yana ba shi fili ya shuka doyarsa, kuma in an daɗe ana tare yana iya yanka masa daji ya dasa nasa. In aka bar kowa ya zaɓi inda zai je, an san gonar da Bamoshe zai nufa. Houphouët ya tashi ya je Korhogo wajen sarkin Senufo, Gbon Coulibaly, ya kuma nemi fadar Moro Naba, sarkin Mosawa, a Wagadugu, yana cewa a ba shi 'yan sa-kai zai biya. Suka zo, suka yi kaka, suka koma gida da kuɗi a aljihu. Hujjar Turawa ta shekara da shekaru, wai baƙar fata ba ya aiki sai an tilasta shi, ta mutu a gonar koko tun kafin a kai ta majalisa.

Zaɓen majalisar tsara tsarin mulkin Faransa ya zo a Oktoban 1945. Akwati biyu aka yi, ɗaya na masu takardar zama 'yan Faransa, ɗaya na sauran jama'a, su ma ba kowa ba. Hukuma ta tsayar da wani babban bafaden Mosawa, Baloum Naba, don ƙuri'un arewa su danne na kudu. Houphouët ba shi da jam'iyya, amma yana da abin da ya fi ta: wakilan ƙungiya da ke auna koko a kowace kasuwa, da motocin masu gandu, da kuɗinsu. Sai da aka je zagaye na biyu, ya tsallake da ƙyar.

A Paris bai ɓata lokaci kan manyan maganganun 'yanci ba. Abu ɗaya ya je yi. 'Yan majalisar Afirka irin su Lamine Guèye da Senghor na Senegal, da Fily Dabo Sissoko wanda ke wakiltar Sudan ta Faransa da Nijar a kujera ɗaya, suka mara masa baya, kuma a lokacin 'yan gurguzu da 'yan ra'ayin gaba ne ke da rinjaye a zauren. Dokar ta wuce ba tare da muhawara ba, aka sa mata hannu ranar 11 ga Afrilu 1946. Sashe uku ne kacal. Na farko ya haramta aikin dole kwata-kwata a ƙasashen ƙetare. Na biyu ya ce duk wata dabara ta tilasta mutum ya kama aiki ko ya zauna a wurin aiki ba da son ransa ba laifi ce. Na uku ya soke duk dokokin baya da suka saɓa. Labari na isa gandaye da sansanonin katako, mutane suka ajiye adda suka kama hanyar gida.

Ni dai ban ga dalilin rage wa dokar daraja don mai ita ya ci riba da ita ba. Wanda aka kwance wa igiya bai damu da ko mai kwancewar yana neman ɗan ƙwadago ba. Amma kuma ban yarda da masu mai da shi waliyyi ba. Mutumin ya ga wuri ɗaya da amfanin aljihunsa da amfanin miliyoyin talakawa suka haɗu, ya buga a daidai nan. Iyawarsa ke nan, kuma ita ta sa ƙauyawan da ba su san inda Paris take ba suka riƙa sa sunansa a waƙa.

Sauran tafiyar siyasar an fi saninta. Ƙungiyar manoma ta haifi jam'iyyar PDCI a Afrilun 1946, a Oktoba kuma aka kafa babbar jam'iyyar RDA a Bamako da shi a shugabanci. Jam'iyyar PPN ta su Diori Hamani da Boubou Hama ita ce reshenta a Nijar. Don samun murya a majalisa, RDA ta jingina da jam'iyyar kwaminis ta Faransa. Attajirin mai gandu kuma basarake a inuwar 'yan kwaminis abin dariya ne, amma hukuma ba ta yi dariya ba. Aka ɗauke Latrille, daga baya aka kawo Laurent Péchoux ya murƙushe jam'iyyar. A Fabrairun 1949 aka kulle shugabanninta takwas, cikinsu har da Bernard Dadié. A Disamba mata suka yi tattaki daga Abijan zuwa kurkukun Grand-Bassam, jama'a suka ƙaurace wa kantunan Turawa. Ranar 30 ga Janairu 1950 aka buɗe wuta kan taro a Dimbokro, mutum 13 suka mutu. A wannan watan ne Sanata Victor Biaka Boda ya ɓace, daga baya aka tsinci gawarsa a daji.

Houphouët ya duba, ya sake lissafi. A Oktoban 1950 ya raba gari da 'yan kwaminis, ya daidaita da François Mitterrand, ministan ƙasashen ƙetare na lokacin. Abokan gwagwarmaya irin su Gabriel d'Arboussier suka kira abin cin amana. Sai dai a duba abin da masu gandu suka rasa a lokacin: babu. Aikin dole ya tafi, bambancin farashi ya tafi, kofi da koko suna tsada a kasuwar duniya, an buɗe mashigin Vridi manyan jiragen ruwa suna shigowa Abijan. Mai itacen da zai yi shekara talatin yana haihuwa ba ya son tarzoma. A 1956 ya zama magajin garin Abijan kuma minista a gwamnatin Guy Mollet ta Faransa, ya sa hannu wajen tsara dokar Defferre da ta ba kowace ƙasa gwamnatinta. Ya ƙi tarayyar Afirka ta Yamma mai hedkwata a Dakar, don bai ga dalilin da kuɗin kokon Kodebuwa zai riƙa ciyar da ƙasashen Sahel ba. A madadinta ya kafa ƙawancen Entente a 1959 da Nijar da Haute-Volta da Dahomey. 

Daga 7 ga Agusta 1960 ya riƙe ƙasa, ya kuma tafiyar da ita yadda ya san ana tafiyar da gandu. Yana son a kira shi manomi na ɗaya a ƙasar. Manufarsa kan ƙasa jimla ɗaya ce da ya furta a 1963, cewa ƙasa ta wanda ya raya ta ce. Ƙofar arewa ya bar ta a buɗe: Mosawa, 'yan Mali, 'yan Gini, da 'yan Nijar masu kasuwanci a Abijan da sauran birane. Baƙo ya zo wajen mai gari a ƙasar Bete ko Bakwe, ya kawo kwalba da ɗan abin gaisuwa, a nuna masa daga wannan rafi zuwa wancan itace, ya zama yana da uban gida da zai riƙa kai wa alheri duk kaka. Ba takarda, ba awo. Bawule 'yan ƙabilar shugaban su ma haka suka bazu. Koko ya tashi daga gabas ya koma tsakiya wajen Gagnoa da Daloa, daga nan ya gangara kudu maso yamma wajen Soubré bayan an buɗe tashar San Pedro a farkon shekarun 1970. Dalilin tafiyar a cikin itacen yake. A sabon daji yana ba da amfani ba taki ba wahala. In ya tsufa, sake dashe a tsohon wuri ya fi sarar sabon daji tsada. Sai a bar tsohon a ci gaba.

A 1957 ya yi wa Nkrumah na Gana ƙalubale a Abijan, cewa kowa ya bi hanyarsa a dawo a gwada bayan shekara goma. A fagen koko dai ya ci: wajen 1978 Kodebuwa ta wuce Gana, yau kuma tana fitar da kimanin tan miliyan biyu a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 na duniya. Asusun daidaita farashi na gwamnati, Caistab, a zamanin mulkinsa shi ke yanka wa manomi farashi a farkon kaka, ya sayar a waje, ya riƙe bambancin. Da wannan bambanci aka yi tituna da dogayen benayen Abijan, aka mai da ƙauyen shugaban babban birni a 1983, a nan kuma ya gina majami'ar da Fafaroma John Paul na biyu ya keɓe a 1990. Wanda ya fara siyasa da kukan ana gutsurar haƙƙin manomi a sikeli, shi ya zama mai babban sikelin. Dajin kuwa, daga wajen hekta miliyan 12 a lokacin samun 'yanci, abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Yaƙinsa na ƙarshe ma na mai gandu ne. Farashi ya faɗi a shekarun 1980, bashi ya taru, a Mayun 1987 ƙasar ta ce ba za ta iya biya ba. Tsohon ya koma ga dabarar 1932: ya hana sayar da kokon Kodebuwa, yana jiran masu cakulan su zo su durƙusa. Wajen shekara ɗaya da rabi buhuna suna jibge a Abijan da San Pedro suna shan laima. Masu saye ba su zo ba, don suna da ajiya, ga Malesiya da Indonesiya sun shigo kasuwa. A ƙarshe ya sallama tan 400,000 ga kamfanin Sucden na Faransa, kuma a 1989 aka sauke farashin manomi daga sefa 400 zuwa 250, sannan 200.

Ya rasu ranar 7 ga Disamba 1993, bayan wata guda aka karya darajar sefa da rabi. Samarin da suka rasa aiki a Abijan suka koma ƙauye neman gonar kakanninsu, suka tarar da ita a hannun 'ya'yan baƙin da aka yanka wa daji shekara talatin baya. Ƙidayar 1998 ta nuna kashi 26 cikin 100 na mazauna ƙasar baƙi ne, kuma a Disambar wannan shekara majalisa ta yi dokar da ta ce ɗan ƙasa kaɗai ke iya mallakar filin karkara. A Nuwamban 1999 rikici kan gona ɗaya a yankin Tabou ya sa aka kori 'yan Burkina Faso fiye da 10,000, a tsakiyar babbar kaka.